Yadda ake saukewa, adanawa da ɗaukar bulo marar nauyi a wuraren gini na Legas

Ana ƙara ganin bulo marar nauyi a gine-ginen bene na Legas, musamman wajen Ikoyi, Victoria Island da Lekki, inda ƙasa ke da laushi, ruwa na kusa, injiniya kuma na neman duk hanyar da zai rage wa harsashin gini kaya. Da yawa daga cikin masu sauke shi daga mota su hau da shi sama 'yan'uwanmu ne leburori 'yan Arewa, waɗanda da bulon siminti da yashi suka saba. Daga nan matsala ke farawa, domin ana yi wa wannan bulo irin riƙon da ake yi wa wancan, alhali halinsu ya sha bamban. Wannan gefensa na ɓantarewa da ɗan bugu, yana riƙe ruwa na makonni, kuma rashin nauyinsa a hannu na sa a manta cewa idan aka tara shi wuri ɗaya nauyinsa na kai tan guda.

Iri biyu aka fi samu. Na farko shi ne AAC, fari ko mai ruwan toka, wanda aka ƙirƙiro a ƙasar Suwidin, aka fara yin sa don kasuwa a 1929. Ana kwaɓa niƙaƙƙen yashi da siminti da farar ƙasa da ruwa, a zuba ɗan garin alminiyom wanda ke sa kwaɓin ya kumbura, sannan a yanka a dafa shi cikin tururi mai zafin kusan digiri 180 na tsawon sa'o'i. In ka fasa shi za ka ga cikinsa kamar burodi, ƙananan ramuka ne birjik. Na biyu shi ne bulon kumfa, CLC, wanda ba a dafawa. A fili yake ƙwari, kuma sai ya cika kwana 28 kafin a ɗora masa aiki.

Bulon AAC da aka saba gani tsawonsa milimita 600 ne, tsayinsa 200, kaurinsa kuma 100, 150 ko 200. Kubik mita ɗaya na busasshensa yakan yi kilo 600, da ɗan sama ko ƙasa gwargwadon kamfanin da ya yi, alhali kankare na yau da kullum kilo 2,400 ne. Ke nan mai kaurin 100 kilo 7 ne da 'yan kai, mai 150 kusan kilo 11, mai 200 kuma kilo 14 da ɗoriya, shi kuwa bulon yashi mai inci 9 yana kai kilo 25. Sai dai wannan nauyin busasshe ne, irin wanda ake rubutawa a takardar kamfani. Bulon da ya fito daga tukunyar tururi na ɗauke da ruwa kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, don haka mai kilo 14 ɗin nan kan iso wurin gini yana kilo 18 zuwa 19, in ruwan sama ya same shi a hanya ya haura 20. Da nauyin jiƙaƙƙe za ka yi duk lissafin da ke tafe.

Gyara wurin ajiya kafin mota ta iso

Kada ka bari sai mota ta tsaya a bakin get sannan a fara neman inda za a zuba. Kwana ɗaya ko biyu kafin nan, zaga filin ka dubi jikin katanga. A unguwannin da ruwa ke kwanciya, irin su Ajah da sassan Lekki da Agungi, ambaliyar bara takan bar zane a jikin bango. Gindin tarinka ya kasance sama da wannan zane. In babu zanen, ɗaga shi aƙalla milimita 150 zuwa 200 daga ƙasa.

Filin da aka cike da yashin teku yana yaudarar ido. A rani ka gan shi shimfiɗe sumul, amma da ruwa ya sauka sau biyu sai ƙafar katako ta nutse ta gefe ɗaya, tari ya karkata. Don haka a daddaɓe wurin, a zuba jar ƙasa ko garin dutse a sake daddaɓewa, a shimfiɗa leda mai kauri, sannan a ɗora gadon katako ko falankai da aka jera kusa da kusa. A sa lebul a duba. Dalilin nacewa a kan daidaiton gindi shi ne wannan bulo ba ya jure lanƙwasa. Yana iya ɗaukar nauyin da ke danna shi kai tsaye, amma in tsakuwa ɗaya ta tokare shi a tsakiya, ko aka ɗora shi a kan katako biyu ta baki da baki tsakiyarsa na reto, sahu biyar da ke kansa za su raba shi biyu. Mafi yawan fasassun da ake tararwa a sahun ƙasa idan an zo ƙarshen tari daga nan suke.

Akwai wuraren da ba a tara bulo ko da fili ya yi ƙaranci: kan murfin sokawe (ramin ruwan bayan gida) ko na tankin ƙasa, kan silab ɗin kwata, ƙarƙashin wayar lantarki, da bakin ramin da aka haƙa. Ramin da aka haƙa a cikin yashi bangonsa na zubewa da ɗan nauyi, saboda haka nisan tari daga bakinsa ya kai zurfin ramin kansa, kuma kada ya gaza mita 1. Kada a jingina tari da katanga, domin katangar inci 6 ba a gina ta don a tura ta daga gefe ba, kuma bayanta gidan wani ne ko hanyar masu wucewa. Gefen titi ma ba wurin ajiya ba ne. Ban da tarar hukuma, ruwan da motoci ke fantsamawa ya isa ya lalata sahun ƙasa. A nesanta shi da janareto da duron man dizil, domin mai in ya shiga jikin bulon filasta ba za ta kama wurin ba.

Ranar sauke kaya

Tun wajen ciniki ka faɗa wa mai sayarwa cewa a mota mai shimfiɗaɗɗen baya kake son kayanka, a ɗaure da bel, a sa katako ko kwali mai kauri a kusurwoyin da bel ke bi. Tifa ba motar wannan bulo ba ce, kuma juye shi ƙasa kamar yashi asara ce da gangan. In akwai batun 'yan omo onile, wato masu da'awar mallakar filayen unguwa, ko wasu masu neman kuɗin sauke kaya, a gama da shi kafin ranar. Rigima a bakin get ita ke sa direba da yaran mota su yi saukar gaggawa don su bar unguwar.

Kafin a kwance ko bel ɗaya, zagaya motar. Hanyoyin da kaya ke bi zuwa wurin gini ramuka ne da birki na ba-zata, kuma sau da yawa kayan sun riga sun goce, bel ɗin kaɗai ke riƙe da su. In ka ga tari ya kwanta gefe, kowa ya bar wannan ɓangaren, a tokare da katako, a sassauta bel a hankali daga ɗaya gefen. Mai yanke ɗaurin roba ko na ƙarfe ya tsaya a gefe, ya dafe ɗaurin da hannu mai safa, domin yana tsalle ya yanki fuska. Motar ta tsaya a wuri mai daidaito, a sa mata waji a taya. In mai ƙugiya ce, a shimfiɗa katako mai faɗi a ƙarƙashin ƙafafunta, a kuma ɗaga kai a dubi waya kafin a miƙe hannun ƙugiyar.

In da hannu za a sauke, daga sama ake farawa, sahu bayan sahu, dama da hagu daidai wa daida. Ba a zaro bulo daga tsakiya ko ƙasa. Na kan mota ya miƙa, na ƙasa ya karɓa da hannu biyu, kuma kada na sama ya saki sai ya ji an riƙe. Jifa daga hannu zuwa hannu, wadda aka saba da ita a bulon yashi, a nan ita ke cinye kusurwoyi.

Ana saukewa kana dubawa. Ɗebi guda goma daga wurare daban-daban na motar ka auna da tef. AAC mai kyau bambancinsa ba ya wuce milimita 2 zuwa 3. Duba ranar da aka yi shi, ka ƙirga fasassu a gaban direba, a rubuta a takardar kaya kafin ka sa hannu. A kubik mita ɗaya akwai bulo 83 na mai kaurin 100, ko 55 na mai 150, ko 41 na mai 200, kuma murabba'in mita ɗaya na bango na cin guda 8 da sulusi, don haka lissafin ba shi da wuya. Masu ƙiyasin kaya kan ƙara kashi 5 cikin 100 saboda yanka da fashewa. Wurin da asara ta wuce haka, riƙon ne ba daidai ba. In bulon kumfa ne kuma ka danna shi da farce ya lotsa, ko gefensa na marmashewa a hannu, bai nuna ba. In aikin babba ne, a kai samfur ɗakin gwajin kayan gini na Jihar Legas a matse shi a ga ƙarfinsa kafin a fara ɗorawa.

Jerawa

A ajiye bulon a tsaye kan gefensa, yadda zai zauna a bango. Sahu na farko ya bi tsawo, na biyu ya gitta shi, haka har sama, don tarin ya ɗaure kansa. Tarin da aka jera duk fuska ɗaya ginshiƙai ne tsaye kusa da juna, baro na taɓa ɗaya sai ya buɗe.

Ga tarin da aka jera da hannu, sahu 6 ya isa, wato mita 1.2, tsawonsa kada ya wuce mita 3, faɗinsa bulo biyu ko uku. Dokar kare ma'aikata ta Amurka ta yarda a wuce ƙafa 6 muddin ana janye kowane sahu ciki da rabin bulo, amma a ƙasa irin ta Legas, da kuma mutanen da za su riƙa miƙa hannu sama da kai suna ɗauka, ba mu ga amfanin kai wa can ba. Wanda ya zo a naɗe kan gadon katako kuwa, kada a ɗora fiye da biyu, shi ma sai a kan daɓen kankare. A bar tazarar yatsu huɗu tsakanin layi da layi don iska, da hanyar mita 1 tsakanin tari da tari don baro. Kowane kauri da tarinsa, kowace mota da nata, a rubuta kwanan wata da alli a jiki, wanda ya riga zuwa shi ake fara ɗauka.

Wani abu da foman ya kamata ya sa wa ido shi ne zaman mutane a gindin tari. A wuraren gini da yawa leburori da mai gadi a nan suke kwana, kuma inuwar tari ita ce wurin cin abinci, wurin shimfiɗa kwali a yi sallah, wani lokaci har a jera bulo ba siminti a ɗora kwano a yi ɗaki. Irin wannan ɗaki iskar hadari ɗaya ke rusa shi a kan mai barci. A yi musu rumfa ta gaskiya nesa da tari, a ware wurin alwala da wanka inda ruwan ba zai gangaro gindin bulo ba.

Ruwa

Nan ne aka fi yin asarar da ba a gani sai bayan an tare a gida. Damina a Legas na farawa wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba, kuma ko a rani iskar garin na da laima. Yayyafi na ɗan lokaci fatar bulon kawai yake jiƙawa. Wanda ya kwana cikin ruwa kuwa, ko aka bar shi a buɗe mako guda a watan Yuni, yakan sha har cikinsa, kuma a irin wannan iska fitar ruwan na ɗaukar makonni.

Illar ita ce bulon na ɗan ƙanƙancewa yayin da yake bushewa. In ya yi wannan a tari, ba abin da ya faru. In kuwa an riga an gina shi, an matse shi tsakanin ginshiƙai, an yi filasta da fenti, to bangon ne zai tsage: siririn layi daga kusurwar taga, ko a ƙarƙashin bim (ginshiƙin kwance da ke ɗauke da deki), ko a mahaɗar bango da ginshiƙi. Sai mai gida ya ce bulon ne ba shi da kyau, alhali jiƙaƙƙe aka ɗora. Ga kuma fenti da ke kumbura, da farin gishiri da ke fitowa, da gansakuka a sahun da ya sha ruwan kwata. Jiƙaƙƙen bulo ƙarfinsa ma na raguwa, ya fi saurin ɓantarewa a hannu.

Rufewa ma da yadda ake yin ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a naɗe tari da leda daga sama har ƙasa a ɗaure tam. Ruwan sama ba zai shiga ba, amma ruwan da bulon ya zo da shi daga masana'anta ma ba zai fita ba. Ka ɗaga ledar da safe ka ga gumi na ɗiga a cikinta. Abin da ya dace shi ne a ɗora katako biyu a saman tarin, ɗaya ya fi ɗaya tudu don ruwa ya gangara, a shimfiɗa tamfol ko kwanon rufi a kai, ya sauko kamar kashi ɗaya cikin uku na gefen, sauran a bar wa iska. Wanda ya zo a naɗe da ledar kamfani, a tsaga gefunan a bar ta saman. A ɗaure tamfol da igiya a jikin gadon katako. Danne shi da bulo ba dabara ba ce, iska na ɗaga tamfol ɗin ta yar da bulon. Ranar da gari ya yi rana a yaye, da yamma a mayar.

Don sanin ko ya bushe, ɗauki guda uku daga tsakiyar tari, ka yi musu alama, ka auna su a sikeli, ka sake aunawa bayan mako guda. Muddin nauyin na sauka sosai, da sauran ruwa. Ko ka fasa ɗaya: in tsakiyarsa ta fi bakinsa duhu kuma da sanyi a tafin hannu, a ƙara masa lokaci. Sabon AAC yana son kamar mako 2 a tari mai shan iska kafin a gina shi, don haka a yi odar kaya da wuri. Kuma a gaya wa birkila kada ya tsoma shi a duro ko ya yi masa wanka da tiyo. A goge ƙurar da buroshi, in da kwaɓin siminti da yashi za a yi aiki a ɗan yayyafa wa fuskar ruwa, in da gam ɗinsa na musamman ne mai kaurin milimita 2 zuwa 3 a bi abin da ke rubuce a buhun. Bangon da aka tashi aiki ba a gama ba, a rufe samansa da leda.

Ɗauka da hannu

Ka ce wa lebura ya rage kaya, amsar da za ka ji ita ce, "Oga, ai ba nauyi." Da yake sau da yawa da ƙirga ake biya, sai ka ga mutum ya naɗa gammo an ɗora masa mai kaurin 200 har guda uku. In sabo ne, wannan kilo 56 ke nan, ya fi buhun siminti mai kilo 50, kuma a kan wuya, a kan matakalar da ba ta da makari. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Ingila ta daɗe tana gargaɗi cewa maimaita ɗaga bulon da ya wuce kilo 20 yini guda na lalata baya. A bisa wannan ma'auni, mai kaurin 200 ɗaya-ɗaya ne, mai 150 ma ɗaya, mai 100 biyu. In ana son a bi wannan, sai a gyara tsarin biya, a koma na yini ko a daidaita kuɗin ƙirga, in ba haka ba magana ce kawai.

A durƙusa da gwiwa, a kama bulon ta ƙasa da hannu biyu, a manna shi da jiki, a miƙe da ƙarfin cinya. In za a juya a juya da ƙafa, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu. Kama shi ta kusurwa da hannu ɗaya na sa kusurwar ta ɓalle, sauran ya sauka a kan yatsun ƙafa, shi ya sa silifas ba takalmin wannan aiki ba ne. A sa mai ƙarfe a baki. Safar hannu ma dole ce, domin jikin bulon na cin fata kamar yadda siminti ke yi, zuwa la'asar yatsu sun tsattsage. A baro, a shimfiɗa falanki ko tsohon buhu a ciki, a jera a tsaye, kada ya wuce bakin baron, a kuma shimfiɗa falankai a kan yashi don taya. Aikin ɗauka mai yawa a yi shi da sassafe, balle a watan azumi.

Hawa da shi bene

Wannan shi ne wurin da kuskure ke cin rai. Dekin gidan zama yawanci ana lissafa shi ne a kan zai ɗauki mutane da kayan ɗaki kimanin kilo 150 zuwa 200 a kowane murabba'in mita, ban da nauyin kansa da na tayil da bangon da aka zana. Tarin sabon bulo mai tsayin mita 1.2 kuwa yana sauke kusan kilo 940 a murabba'in mita ɗaya, wato ninki biyar ko shida. In kuma dekin bai cika kwana 28 ba, ko an cire sandunan tokara da wuri, bai ma kai ƙarfin da aka lissafa masa ba. A kwana 7 kankare kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa kawai yake da shi.

Saboda haka injiniyan ginin ne zai nuna inda za a ajiye da yawan da za a ajiye, kuma a nemi ya faɗa da adadi. Kafin ya faɗa, a hau da na aikin yini ɗaya ko biyu kawai, a rarraba shi ƙananan tari masu sahu biyu, a kan layin bim kusa da ginshiƙi, da fili tsakaninsu. Tsakiyar ɗaki ita ce mafi rauni. Baranda mai reto, wadda ba ginshiƙi a bakinta, ko guda goma kada a tara mata, duk da cewa ita ce ta fi kusa da inda ake jawo kaya, kuma a nan leburori suka fi son saukewa. A bar aƙalla mita 3 daga bakin bene da ba a gina bangonsa ba, da kusan mita 2 daga ramin lif ko na matakala.

In da winci (injin jawo kaya sama) ko igiya za a jawo, a yi akwati mai bango huɗu na katako ko ƙarfe a zuba a ciki. Igiyar da aka ɗaura a jikin bulo kai tsaye tana cin gefensa har ya suɓuce. A kewaye ƙasan wurin da igiya ko falanki, kada kowa ya tsaya ko ya gitta. Bulo mai kilo 7 da ya faɗo daga tsayin mita 10 yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 50 a sa'a, kuma hular kwano, duk da wajibi ce, ba a yi ta don irin wannan ba. Wurin gini a Legas taron harsuna ne, ga Hausa, ga Yarabanci, ga Turancin buroka, ga magina daga Togo da Benin masu Faransanci. Don haka mutum ɗaya tak zai riƙa ba mai winci umarni, da alamar hannu da kowa ya sani tun safe: ɗaga, sauke, tsaya.

Dandamalin gora da ake kafawa a jikin gini ba wanda ya auna abin da zai iya ɗauka. Kada a mai da shi sito. Guda huɗu zuwa shida a gefen birkila sun isa, a ajiye su daidai kan sandar da ta gitta, a kafa falanki a tsaye a bakin dandamalin don kada ƙafa ta ture guntu ƙasa. Farkon damina hadari kan taso da iska mai ƙarfi cikin 'yan mintoci. Kafin a tashi aiki a sauke duk abin da ke kan dandamali, a tokare sabon bangon da bai kai ga bim ba, musamman mai kaurin 100.

Yanka da ƙura

Da zarton hannu mai manyan haƙora ake yanka wannan bulo, yana shiga cikin sauƙi, garin kuma ƙasa yake zuba. Giranda, injin yanka mai faifai, ita ke tayar da farin hayaƙin da ke cika ɗaki, haka ma lokacin da masu lantarki da masu famfo ke tsaga bango don binne bututu. A cikin ƙurar akwai garin yashi mai laushin da ido ba ya gani, wanda ke zama a huhu ya haddasa cutar silikosis. Ba ta da magani, takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Mutum na iya barin Legas ya koma gida lafiya ƙalau, sai daga baya numfashi ya fara gagararsa a gona.

Hankici ko rawani da aka ja kan hanci ba ya tare wannan ƙura. A sa takunkumi mai lambar N95 ko FFP2 zuwa sama, ya zauna daram a fuska. Mai gemu ya sani cewa iska na bi ta gefe, don haka shi ya fi kowa bukatar a yi yankan da zarto ko da inji mai zuba ruwa. A ware wurin yanka a inda iska ke wucewa, a sa tabarau, a yayyafa ruwa kafin shara. In gari ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai tsabta na minti 15 ba tare da murzawa ba, sannan a je asibiti. In tari ya rufto wa mutum ko ya faɗo daga sama yana kukan wuya ko baya, a ɗauke bulon daga kansa amma kada a ciccibe shi a sa a babur. A kira 112 ko 767, lambobin agajin gaggawa na Legas.

Guntayen da suka kai sulusin bulo a jera su gefe guda, za su shiga a bakin ƙofa da taga, su rage yankan sababbi. Ragowar ɓaraguzai a zuba a buhu a sauko da su, kada a watso daga bene. Kuma kada a bar su kusa da kwata: busasshen guntun AAC ya fi ruwa rashin nauyi, yana iya tasowa ya bi ruwan sama har ya je ya toshe bakin kwalbati.